Hankaka a barga: abin da masu dawaki a Amurka suka koya bayan nakiya da bindiga sun gaza

Tsakanin watan Agusta na 1998 da Janairun 1999, dawaki 12 da alfadari ɗaya suka faɗi a arewacin jihar Arizona ta Amurka. Ba a barga ɗaya suke ba. Suna warwatse a wurare biyar, cikin wani yanki da faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 20 ba. Ciwon iri ɗaya ne: jiki ya saki, dabba ta kwanta ta kasa tashi, yawancinsu harshe ko leɓe ko maƙogwaro ya shanye, alhali idonsu biyu, suna ma neman abinci da ruwa daga kwance. Babu wanda ya tashi. Dukkansu sai da likitocin dabbobi suka ƙarasa su don rage musu azaba.

Da Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta aika tawagar bincike, sai aka gano gubar botulinum ce, wadda wata ƙwayar cuta ke haifarwa a cikin ruɓaɓɓen nama. Tambayar da ta rage ita ce yadda guba ɗaya ta shiga barga biyar. Amsar ta fito daga wani fili da ke kusa, inda ake binne matattun dawaki. An sami gubar a ƙasar wurin, an kuma same ta a kashin tsuntsaye. Hasashen masu binciken shi ne manyan hankakin nan baƙaƙe wuluk da ake kira raven suna cin mushe a filin, sa'an nan su tashi su sauka inda ake ba dawaki abinci da ruwa.

Duk wanda ya ji labarin zai ɗora laifin a kan tsuntsu. Amma tsuntsun bai haƙa ramin ba, ba kuma shi ya bar mushe inda baki zai kai ba. Kusan duk rigimar da ke tsakanin mai doki da hankaka daga irin wannan wurin take tasowa.

Me hankaka ke nema a gidan doki?

Barga wuri ne da aka tara wa hankaka duk abin da yake so. Doki ba ya cin hatsi a tsanake. Yana zubar da wani daga baki, wani kuma ya fita cikin kashinsa bai narke ba, musamman idan doki ya tsufa haƙoransa sun lalace. Tulin kashin yana tara tsutsa da ƙwari. Ga ruwa da ba ya yankewa, ga itatuwa da rufin da za a sauka. Lokacin sheƙa kuma ga gashi, wanda wani lokaci hankaka ke tsinka daga bayan dokin kansa. Idan goɗiya ta haihu a fili, mabiyiya tana jawo su, kuma doki mai miki a gadon baya yana iya samun tsuntsu yana caccakar wurin har ya hana shi warkewa.

Ɗabi'ar da ta fi damun masu dawaki ita ce ta jiƙa abinci. Hankaka yana son tsoma abin da ya samo a ruwa kafin ya ci, ko ya bar shi can ya yi laushi. Abin da ya samo ɗin zai iya zama gutsuren burodi, zai kuma iya zama ɓera ko ɗan tsuntsu ko naman da mota ta take a hanya. Komin ruwan doki shi ne tukunyar da ta fi kusa. Doki kuwa yana cikin dabbobin da gubar botulinum ta fi saurin kayarwa. Abin da kare zai ci ya tashi lafiya, kaɗan daga cikinsa ya isa ya kwantar da ingarma. Ko da babu guba, doki yana ƙyamar ruwa mai wari, kuma dokin da ya rage shan ruwa yana kusantar ciwon ciki, wanda ke cikin manyan abubuwan da ke kashe dawaki.

Damuwar mai barga ke nan ba ta kururuwar asuba kaɗai ba ce.

Shekaru 11 ana tayar da nakiya

Amurka ta riga ta gwada hanyar da zuciya ke fara kawowa, kuma ta gwada ta da ƙarfin da ba za a sake yarda da shi ba. A lokacin sanyi hankaki kan taru dubbai su kwana a kurmi ɗaya. Daga 1934 zuwa 1945, a jihar Oklahoma kaɗai, an ɗaura nakiya a irin waɗannan makwantai sau 127, aka kashe hankaki kimanin miliyan 3.8. Da aka zo yin lissafi, ba a ga alamar cewa yawansu ya ragu ba, ba a kuma ga ɓarnar gona ta ragu ba. Muddin abinci yana nan, waɗanda suka rage za su hayayyafa, na wani wuri kuma su zo su cike gurbi.

Dalili na biyu ya fito ne daga Jami'ar Washington da ke Seattle. A 2006 Farfesa John Marzluff da ɗalibansa suka sa wata fuskar roba mai kama da ta mutumin kogo, suka kama hankaki bakwai, suka sa musu zobe a ƙafa, suka sake su. Don kwatantawa, sai suka riƙa yawo da wata fuskar da ba a taɓa cutar da tsuntsu da ita ba, wadda ta kasance ta Dick Cheney, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin. Hankakin ba su kula Cheney sosai ba, abin da ba za a ce da 'yan jaridar ƙasar ba. Amma duk wanda ya sa fuskar mutumin kogo, sai su bi shi da tsawa. A wani zagaye da Marzluff ya yi, hankaki 47 cikin 53 da ya gamu da su suka yi masa ca, alhali bakwai kawai aka taɓa kamawa. Sauran sun koya ne daga 'yan uwansu, har da 'ya'yan da ba a ƙyanƙyashe ba lokacin da abin ya faru.

Ma'anar wannan ga mai bindiga a fili take. Zai kashe biyu ko uku a makon farko. Daga nan garken ya san fuskarsa, ya san motarsa, ya san lokacin fitowarsa. Za su jira ya shiga gida su sauka.

Sa'an nan ga doka. Tun 1972, bayan gyaran yarjejeniyar tsuntsaye masu ƙaura tsakanin Amurka da Meziko, dangin hankaka suka shiga ƙarƙashin kariyar dokar tarayya ta 1918. Jihohi suna iya buɗe lokacin farautarsu, amma kada ya wuce kwana 124 a shekara, kuma ban da tsakiyar lokacin sheƙa. Akwai damar kashe waɗanda ke ɓarna ba tare da lasisi ba, sai dai da sharaɗi: a fara gwada korar su, kada a yi harbi da harsashin bindigar tsuntsaye mai dalma, kuma a kai rahoton abin da aka kashe. Wannan dama ba ta haɗa da raven ba. Shi sai an nemi izini. Gubar da aka tanada domin irin waɗannan tsuntsaye, DRC-1339, tana hannun jami'an gwamnati da waɗanda ke aiki ƙarƙashinsu, ba a sayar wa kowa a kanti.

Tsuntsun da ya fara mutuwa

Akwai wani dalili da ya sa likitocin dabbobi ba sa son a raba barga da hankaka gaba ɗaya. A bazarar 1999 hankaki suka fara faɗowa matattu a birnin New York. A daidai lokacin ana kwantar da tsofaffi a asibitocin unguwar Queens da kumburin ƙwaƙwalwa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ce wata cuta ce da aka riga aka sani, mai ɗauke da sunan birnin St. Louis. Dakta Tracey McNamara, mai binciken gawar dabbobi a gidan namun daji na Bronx, ba ta gamsu ba, domin waccan cutar ba ta saba kashe tsuntsaye ba, ga shi kuma tsuntsayenta suna mutuwa da zubar jini a ƙwaƙwalwa. Ta tuntuɓi CDC, ba a ɗauki maganarta da muhimmanci ba. Sai ta aika samfura ɗakin gwajin Ma'aikatar Aikin Gona da na rundunar soja. A ƙarshen Satumba aka tabbatar cewa ƙwayar cutar West Nile ce, wadda aka fara ganowa a Yuganda a 1937, kuma ba a taɓa ganin ta a nahiyar Amurka ba. A shekarar an tabbatar ta kama mutum 62, bakwai suka mutu. Dawaki a tsibirin Long Island su ma suka fara tangaɗi suna faɗuwa. Makonnin da aka ɓata sun tafi ne a kan wani abu da ya wuce kimiyya: hukumar lafiyar mutane ba ta saba sauraron likitan dabba ba.

Zuwa 2002 cutar ta kama dawaki kimanin 15,000 a faɗin ƙasar. Kusan ɗaya cikin uku na dawakin da suka nuna alamunta ba sa rayuwa.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne hankaka ba ya ba doki wannan cuta kai tsaye. Sauro ne, musamman dangin Culex, ke cizon tsuntsu mai ɗauke da ita sa'an nan ya ciji doki ko mutum. Doki ba ya yaɗa ta, don ƙwayar ba ta taruwa da yawa a jininsa. Hankakan Amurka kuwa kusan duk wanda ta kama sai ya mutu, har yawansu ya ragu da kusan kashi 45 cikin ɗari a wasu yankuna. Wannan raunin ne ya mayar da shi ƙararrawa: jihohi da dama suka buɗe layukan waya domin jama'a su ba da rahoton mataccen hankaka, saboda gawarsa takan riga rashin lafiyar mutane da dawaki bayyana. Mai bargar da ya ga hankaki biyu ko uku a mace ba tare da rauni ba ya sami gargaɗin da ba zai samu daga ko'ina ba. An samar wa dawaki rigakafin cutar tun 2001. Na mutane har yanzu babu.

Abin da ke aiki

Babu abin burgewa a cikinsa. A rufe hatsi a mazubi mai murfi, a ba doki abinci a cikin barga maimakon a fili, a share abin da ya zube, a kwashe kashi a kai shi nesa a rufe. A ɗauke mabiyiya da zarar goɗiya ta haihu, a rufe miki, a binne mushe da zurfi ko a ƙone shi. Komin ruwa a riƙa juye shi ana wankewa, wanda ke maganin abu biyu a lokaci ɗaya, tun da sauro yana buƙatar kamar mako guda zuwa kwana goma a ruwa mai tsayuwa kafin ƙwai ya zama mai cizo. Wasu sukan ajiye wani kwanon ruwa can nesa da dawaki, su bar wa tsuntsayen su yi jiƙonsu a nan.

Kayan tsoratarwa suna da iyaka. Bindigar gas da ake girkawa a gonar masara tana kora hankaki na ɗan lokaci, amma a kusa da doki haɗari ce, domin dabba ce da ke zabura ta faɗa shinge. Mujiyar roba da aka kafe wuri ɗaya, cikin 'yan kwanaki za a ga hankaka zaune a kanta. Abin da ya fi tasiri shi ne siffar mataccen hankaka a rataye kai ƙasa, kuma binciken Kaeli Swift a Seattle ya nuna dalili: hankaki suna taruwa a kan gawar ɗan uwansu, suna kuma ɗari-ɗari da wurin bayan haka. Sai dai a rataye ta da dare, a riƙa sauya mata wuri, kada su ga wanda ya kawo ta.

Birnin Tokyo ya gwada darasin a babban ma'auni. A 2001 aka ƙiyasta hankaki 36,400 a birnin, Gwamna Shintaro Ishihara ya ƙaddamar da yaƙi da su. An kafa tarkuna, amma an kuma rufe shara da raga da akwatuna, wasu unguwanni suka koma kwashe ta kafin gari ya waye. Bayan shekaru ashirin da 'yan kai adadin ya sauko ƙasa da 10,000. Kenya ta bi wata hanya a 2024, inda hukumar namun dajinta ta sanar da shirin kashe hankakin Indiya miliyan ɗaya a gabar teku da guba. Can batun daban ne, don baƙon tsuntsu ne da aka shigo da shi Zanzibar a ƙarshen ƙarni na 19, ya isa Mombasa a 1947, yana kuma cinye ƙwai da 'ya'yan tsuntsayen ƙasar. Duk da haka, jujin da ya rene shi yana nan.

Hankakan ƙasar Hausa, mai farin ƙirji, wanda ake yi wa kirari da mai da ɗan wani naka, ɗan gida ne, kuma yana bin mayanka da bola kamar danginsa na ko'ina. Gwaje-gwajen jini sun nuna dawakin Najeriya da yawa sun taɓa haɗuwa da ƙwayar West Nile. Haɗarin da ya fi kusa a nan shi ne maganin ƙwari na gona, wanda kowa ke iya saya a kasuwa ya barbaɗa a nama. Irin wannan tarko ba ya tantance mai ci: kare zai ci, shaho zai ci, haka ma ungulu, wadda ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa nau'inta da aka fi sani a garuruwan Afirka ta Yamma cikin waɗanda ke dab da ƙarewa tun 2015. Gawar abin da gubar ta kashe kuma tana nan a fili, a cikin nisan da hankaka zai iya ɗauko gutsurenta ya kawo komin ruwa.