Ƙwaro ɗaya a kaka, dubbai a bazara: yadda za mu tsare waken asusu

Ƴan uwa mata, kaka ta yi. Daga Cadawa zuwa Gazawa, har Tibiri da Gidan Runji, ƙungiyoyi da yawa sun ɗebi kuɗin asusu sun sayi wake tun tiya tana da araha, da niyyar a sayar in ya yi tsada. Dabara ce mai kyau. Sai dai akwai wani abokin tarayya da ba ya zubi, amma ya kan riga mu cin riba: ƙwaron wake.

Ƙwaron nan tun daga gona yake biyo wake. Macen tana manna ƙwanta a jikin ƙwayar, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ta shige ciki, ta yi ta ci ba mai ganinta. In da zafi, cikin sati uku zuwa huɗu ta zama ƙwaro, ta fito ta bar ramin nan da muka sani. Mace guda tana iya yin ƙwai fiye da 50.

To mu yi lissafi irin na ranar rabo. A ce kowace mace ta bar ɗiya mata 20 da suka rayu. Wata na farko 20 ke nan. Wata na biyu kowace ta ba da 20, sun zama 400. Wata na uku 8,000, na huɗu 160,000. Shi ya sa buhu yake kamar lafiya lau a watannin farko, rana ɗaya a kwance a tarar da gari da wari. Ba dare ɗaya abin ya faru ba, ninkawa yake yi tun farko.

Amma babu mai rai da ke yaɗuwa ba iyaka. Akuyar habbanaye ma, in garke ya fi ƙarfin harawa, sai rama da ɓari. Haka ƙwaro: abinci, wuri, iska, zafi da maƙiya su ke taka masa birki. Ƙwayar wake ɗaya ba ta ɗaukar tsutsa da yawa, in sun cunkushe wasu su mutu. Akwai kuma wasu ƙananan zanzaro da ke kashe ƙwai da tsutsar. Irin wannan dabara ce ma'aikatan INRAN na Maraɗi suke amfani da ita a gonakin hatsi, suna sakin ɗan zanzaro daga ƙananan buhuna don ya rage murzuna. Sai dai a buhun da aka bari haka nan, abin da ke tsai da ƙwaro a ƙarshe shi ne ƙarewar abinci, wato ƙarewar wakenmu. Dole mu sa masa iyaka kafin nan.

Iyayenmu sun gane haka, shi ya sa suke cuɗa wake da toka ko rairayi, su toshe masa wurin motsi. Yau hanya mafi sauƙi ita ce a hana shi iska. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a Nijar a 2007, leda biyu ne masu kauri a ciki da buhu a waje. In an ɗaure da kyau, ƙwarin da kansu suke shanye iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su bushe su mutu. Ba sai an sa magani ba, balle a ji tsoron abin da yara za su ci.

Ga abin da ya kamata kowace ƙungiya ta kiyaye. A shanya wake ya bushe ƙarau, a sheƙe shi, a fid da kowane tsinke da ke iya huda leda. A hura ledojin a duba, in akwai ko ƴar huda kada a yi aiki da su. A zuba, a matse iska, a murɗe bakin kowane ruɓi a ɗaure shi daban. A ɗora buhu bisa katako nesa da bango saboda ɓera. Na cin gida a zuba shi a jarka, a cika ta fal, a rufe gam.

Abu mafi wuya shi ne haƙuri. Duk buɗewa sabuwar iska ce ga ƙwaro, lissafin nan ya sake tashi. Don haka a taron sati a tsai da watan buɗewa, magatakarda ta rubuta, kuma kada a kwance buhu sai gaban kwamiti, kamar yadda ba a buɗe akwatin kuɗi sai masu makulli sun hallara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A ɗaure a satin da aka sayo, kada a jira sai an ga rami.

Allah ya sa mu ga bazara lafiya, ya sa wa asusunmu albarka.