Tiramol a Illela: Laifin Wa Ne?

A Darna Sabon Gari da sauran ƙauyukan Illela, ba a shan wahalar samun tiramol. Saurayin da zai wuni yana dako, ko yana jigilar kaya a babur zuwa Birnin Konni, yakan jefa ƙwaya cikin shayi don ya samu ƙarfi. Bayan 'yan watanni, ranar da bai sha ba sai jiki ya hau ɓari. Shi ake zagi a gari, alhali nasa laifin ne mafi ƙanƙanta.

Tiramol maganin ciwo ne da likita kaɗai ya kamata ya rubuta, kuma Najeriya ta halatta mai ƙarfin miligiram 50 da 100 kawai. Mai 225 da ke yawo a tire, akasari daga kamfanonin Indiya yake, ta tashoshin ruwa irin su Legas da Kwatano. Kamfanonin sun san inda kayan za su. A 2025 binciken BBC ya fallasa kamfanin Aveo na Mumbai da ke turo wata ƙwayar mai suna Tafrodol, sannan Indiya ta haramta haɗa ta.

Gwamnati fa? Sai da BBC ta nuna ɓarnar kodin a 2018 aka hana sarrafa maganin tari mai ɗauke da shi. Wata ƙididdiga ta 2018 ta gano mutum miliyan 4.6 na shan irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba.

Akwai kuma jami'in da ke kau da kai a kan iyaka, da mai kemis da ke miƙa wa yaro sacet ba takardar likita, yana sane da ɗan wane ne.