Sallahu a Cikin Wayar Hannu

A wannan 'yar maƙala ina so in yi wa 'yan'uwa ɗalibai bayanin wani fanni na kimiyyar sadarwa da na ga ya dace mu kira shi "sadarwa mai jure jinkiri". Ni dai a Obalende ta Legas na fara ganin irinsa, a hannun mutane.

Kafin wayar GSM ta shigo Nijeriya a 2001, idan mai shayi a Obalende zai aika saƙo gida, sai ya ba wani mai zuwa Agege, shi kuma ya riƙe har Allah ya haɗa shi da direban Kano. Wannan shi ne sallahu. Saƙo yakan kwana biyu a aljihu, amma yana isa.

Intanet ba ta da wannan haƙurin. Tana son hanya a buɗe tun daga mai aikawa har mai karɓa, da ta yanke sai saƙo ya faɗi. A 2003 Kevin Fall ya fito da tsarin da na'ura za ta ajiye saƙo, ta yi yawo da shi, ta miƙa wa wata idan sun kusanci juna, misali ta Bluetooth.

To, wa za a miƙa wa? A 2000 Vahdat da Becker suka ce a ba duk wanda aka gamu da shi, saƙo ya bazu kamar annoba. Yana isa, sai dai ya cika ma'ajiya, ya cinye batir. Tsarin Bubble Rap na 2008 kuwa ya zaɓi wayar wanda ya fi cuɗanya da jama'a. A ganina 'yan zango sun riga su, domin ba a ba baƙo sallahu alhali ga fatoma.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce gauraya saƙonni, wadda Ahlswede da abokansa suka kawo a 2000. A ce saƙonninka lambobi ne, 7 da 5. Direba na farko ya ɗauki 7, na biyu 5, na uku jimillarsu, 12. Ko motar wane ta lalace, biyun da suka iso sun wadatar: 12 a cire 7, ga 5. A tsarin, wayoyin da ke kan hanya su ke yin gaurayar kafin su miƙa. Sai dai wanda 12 kaɗai ta iso masa bai san komai ba tukuna, dole ya jira direba na gaba.