CIN ABINCI A ABUJA: INA ƘARAMIN MA'AIKACI ZAI SA KANSA?

Duk wanda ya san Abuja ya san cewa samun wurin kwana a cikinta abu ne mai wuya. Amma akwai wata wahalar da ba a cika maganarta ba, alhali kuwa kullum sai ta sami dubban mutane da tsakar rana, watau neman abin da za a sa a baka.

Tun ranar 3 ga Fabrairu, 1976, da marigayi Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar za a gina sabon babban birnin tarayya, aka tsara garin unguwa unguwa. Aka ware wurin ofisoshi, aka ware Maitama da Asokoro inda manya da jakadu suka zauna. Sa'ad da gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamba, 1991, sai ƙananan ma'aikata suka tarar hayar ɗaki a cikin gari ta fi ƙarfinsu, suka watsu zuwa Nyanya da Karu da Kubwa da Lugbe, wasu ma har Mararaba ta Jihar Nasarawa da Suleja ta Jihar Neja.

To, a nan gizo ke saƙar. Akawu a Kano ko Zariya yana iya komawa gida ya ci abincin rana, ko a aiko masa da kwano. Amma wanda ya baro Mararaba da asuba don gudun cunkoson motoci, ba shi da halin komawa sai bayan magariba. Tilas ya sayi abinci a cikin gari, a kan farashin da aka yanka don waɗanda suka fi shi samu.

Ba a rasa abinci a Abuja ba. Akwai manyan otal-otal irin su Transcorp Hilton, wanda aka buɗe a 1987. Akwai gidajen abincin Sinawa da na Labanawa da na Indiyawa a Wuse II da Maitama, ga kilishin Area 1 da ake tsaraba da shi, ga gasasshen kifi a kasuwar barikin Mogadishu. Mai kuɗi dai sai abin da ransa ya zaɓa, tuwon girma miyarsa nama.

Mai karatu zai so ya san abin da ya sa malmalar tuwo ta yi tsada haka, alhali doya da shinkafa daga Binuwai da Neja da Nasarawa ake kawo su. Gaskiyar magana ita ce, ba tuwon kaɗai mutum yake biya ba. Mai gidan abinci yana biyan hayar shekara guda ko biyu a dunƙule. Yana sayen man janareto saboda ɗaukewar wuta. Ma'aikatansa su ma daga bayan gari suke zuwa. A manyan wurare kuma akan ɗora harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a 2020, da kuɗin hidima. Duk waɗannan a cikin kwanon mai ci suke ƙarewa.

Daɗin daɗawa, janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ya ɗaga kuɗin dakon kaya, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. A wannan shekarar aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000. In aka raba shi ga kwanakin aiki 22, bai kai Naira 3,200 a rana ba, kuma a ciki za a fid da kuɗin mota da haya da cefanen iyali.

Saboda haka masinjoji da direbobi da masu gadi ba su da madogara sai masu tuwo-tuwo da masu shinkafa da wake, waɗanda ke kafa kulolinsu a gindin bishiya ko bayan katangar ma'aikata. Su kuwa a idon doka masu talla ne ba bisa ƙa'ida ba, ko yaushe Hukumar Kare Muhalli ta Abuja tana iya korarsu. In aka kore su yau, gobe su dawo, domin masu jiransu suna nan.

Ba wanda zai ƙi a tsabtace babban birnin ƙasa. Amma korar mai tuwo ba ta korar yunwa. Ya kamata Ma'aikatar Birnin Tarayya ta ware filaye kusa da Sakatariyar Tarayya da sauran ofisoshi, ta gina rumfuna masu ruwan famfo, ta ba da su haya da rangwame, duba-gari kuma su riƙa lura da tsabtarsu. Ta haka mai sayarwa za ta sami kwanciyar hankali, mai saye ya sami sauƙi.

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ma'aikacin da ya wuni da ƙosai biyu da ruwan leda, kada a yi mamaki in fayil ya kwana a teburinsa. Allah ya sa hukuma ta duba.