CIWON WUYA MAI FUSKA BIYU

Kowa ya san maƙoƙo. Idan wuyan mutum ya kumbura, ko yaro yana iya gane shi. Amma a wannan wuri na wuya akwai wani ciwo da ido ba ya saurin ganewa. Ya fi kama mata nesa ba kusa ba. Bana sai a ga mace ta rame, tana ta zufa, zuciyarta tana dukan uku-uku. Baɗi kuma sai a ga ta kumbura, tana jin sanyi, ko taɓarya ta kasa ɗagawa. Mutanen gida su ce iskoki ne. Wasu su ce sammu. Uwar miji ta ce ƙyuya ce kawai. Alhali kuwa ciwo ne na jiki, kuma yana da magani.

Mece ce tiroyid?

A gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, akwai wata ƴar tsoka. Siffarta kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fikafikai. Nauyinta giram 20 ne ko kusa da haka. Likitoci suna ce mata tiroyid. Ita ce take kumbura ta zama maƙoƙo.

Aikinta shi ne ta zuba wani sinadari cikin jini. Wannan sinadari shi ke faɗa wa jiki saurin da zai yi aiki. Kamar mai iza wuta ce a murhu. Idan ta iza itace daidai, tuwo ya dahu. Idan ta cika itace, tukunya ta ƙone. Idan ta bar wuta ta mutu, a kwana da yunwa.

Idan wuta ta yi yawa

Mutum yana ci sosai amma yana ramewa. Yana jin zafi ko da lokacin ɗari ne. Hannu yana rawa. Barci ya ƙi zuwa. Abu kaɗan ya sa shi fushi. Yana yawan zuwa bayan gida. Zuciyar baligi mai lafiya, in yana hutawa, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Ta mai wannan ciwo takan wuce 100 ko yana kwance. Wasu idanunsu kan firfito waje.

Wani likitan ƙasar Ailan mai suna Robert Graves ya bayyana wannan ciwo a shekarar 1835. Wani Bajamushe kuma, Basedow, ya bayyana shi a 1840. Shi ya sa a Ingila da Amurka ake kiransa da sunan Graves. A Faransa da nan Nijar kuwa, sunan Basedow ake rubutawa a takardar likita.

Idan wuta ta yi kaɗan

Nan komai ya juya. Kasala ta rufe mutum. Yana jin sanyi ko cikin bazara. Fuska ta kumbura, jiki ya yi nauyi, fata ta bushe, gashi ya riƙa zuba. Bayan gida ya yi tauri. Murya ta dushe. Mantuwa ta yi yawa. Ga mace, jinin al'ada yakan ƙaru ko ya rikice.

Wani likita ɗan ƙasar Japan, Hakaru Hashimoto, ya bayyana wani ciwo da yakan kawo irin wannan a shekarar 1912. Sunansa ciwon ya ɗauka.

Yaya mutum ɗaya zai kamu da duka biyu?

Ga inda maganar take. Allah ya yi wa jiki masu gadi a cikin jini. Su ke yaƙi da ƙwayoyin cuta. Wani lokaci masu gadin nan sai su ruɗe, su far wa jikin da suke tsaro, kamar kare ya ciji maigidansa. Ciwon Basedow da na Hashimoto duka daga wannan ruɗewa suke fitowa. Uwarsu ɗaya. Shi ya sa akan same su cikin dangi ɗaya, har ma cikin jiki ɗaya.

A ɗauki misalin jaki. Wani yana bayansa da sanda yana kora shi. Wani yana gabansa yana sa masa dabaibayi. Wani kuma yana hana shi abinci har ya rame. Haka masu gadin nan suke yi wa tiroyid. Wasu suna tunzura ta ta yi aiki fiye da kima. Wasu suna toshe ta. Wasu suna cinye ta sannu a hankali. Wanda ya fi ƙarfi a wannan lokaci, fuskarsa ake gani. Bayan watanni ko shekaru ƙarfi yana iya komawa ɗaya gefen.

Abin da aka fi gani shi ne a fara da yawan wuta, daga baya ta mutu. A fara da sanyi a koma zafi, wannan bai cika faruwa ba, amma yana faruwa. Akwai kuma matan da abin ke taso musu cikin shekarar farko bayan haihuwa: ƴan makonni na zafi, sannan watanni na sanyi. Da yawansu suna warkewa. Wasu kuwa sanyin ya zauna musu.

Ba a ɗaukar wannan ciwo wajen cin abinci tare, ko shan ruwa a moɗa ɗaya, ko kwanciyar aure. Kuma dabam yake da maƙoƙon da rashin iyod ke kawowa. Gishiri mai iyod yana kare mutane daga wancan, kuma ya kamata kowane gida ya yi miya da shi. Amma ba ya warkar da wannan. Iyod mai yawa ma yana iya tayar da shi.

Maganin jiya yana iya zama cutar yau

Magunguna biyu ne manya, kuma aikinsu kishiyar juna ne. Na farko shi ne karbimazol, wanda a kantin magani akan same shi da sunan Néo-Mercazole. Shi yana rage wuta. Akan sha shi wata 12 zuwa 18. Na biyu shi ne lebotiroksin, wanda aka sani da Levothyrox. Shi yana maye gurbin sinadarin da ya ƙaranta.

To, a ce mace tana shan karbimazol, ciwonta ya juya, ita ba ta sani ba. Ta ci gaba da zuba ruwa a wutar da ta riga ta mutu. Kasala ta ƙaru, ta kwanta. Ko kuma tana shan lebotiroksin, tiroyid ɗinta ta farka. An ƙara itace a wuta mai ci. Wannan yana gajiyar da zuciya, yana kuma raunana ƙashi. Wani lokaci ma ba ciwon ne ya juya ba, maganin ne ya yi yawa.

Saboda haka ba a canza magani da ka. Ba a kuma karɓar na maƙwabciya don an ga wuyanta ya kumbura kamar na mutum. Awon jini ne kaɗai ke nuna gefen da ciwo yake. Babban awon sunansa TSH. Abin mamaki, yana tafiya a juye: idan wuta ta yi yawa sai ya sauka, idan ta yi kaɗan sai ya hau. Bayan an canza yawan magani, akan sake awo cikin mako 6 zuwa 8. Idan jiki ya daidaita, akan ƙara tazara.

Ba kowane gidan likita na ƙauye ke yin wannan awo ba. Sai an je birni, kuma ga kuɗin mota, ga kuɗin awo. Wannan nauyi ne na gaske. Amma maigidan da ya sayar da akuya don biyan boka sau uku, da ya kai matarsa awo sau ɗaya da ya fi masa sauƙi.

Yadda ake shan maganin

Lebotiroksin da safe ake shansa, da ruwa zalla, ciki ba komai. A jira rabin awa kafin a sha kunu ko fura. Idan ana shan ƙwayar ƙarin jini, irin wadda ake ba masu ciki, a raba su da awa 4, don tana hana shi shiga jiki. Cikin watan azumi ana iya shansa rabin awa kafin sahur. Ba a barinsa don an ji sauƙi. Yawanci shansa na tsawon rai ne.

Mai shan karbimazol kuwa ya riƙe abu ɗaya. Idan zazzaɓi ya kama shi tare da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki, kada ya ce masassara ce ya kwanta. Ya dakatar da maganin, ya tafi gidan likita a ranar, ya faɗi sunan abin da yake sha. Jefi-jefi maganin yana karya masu gadin jini, kuma jinkiri a nan yana iya kisa.

Mai ciwon Basedow ya bar shan taba. Hayaƙinta yana ƙara ciwon idanun.

Mace mai son haihuwa

Wannan ciwo, idan ba a kula da shi ba, yana hana ɗaukar ciki, yana kawo ɓari. An sha sakin mata a kan haka, ba tare da kowa ya duba wuyansu ba. Idan an daidaita jini, mace tana ɗaukar ciki ta haihu lafiya. Sai dai ta faɗa wa likita tun kafin cikin, ko da zarar ta ga ɓatan wata. Mai shan lebotiroksin yawanci akan ƙara mata. Mai shan karbimazol akan sauya mata wani magani a watanni 3 na farko. Bayan haihuwa ma a koma awo, don lokacin ne ciwon ke son tashi.

Yanzu da ake koyon karatu da rubutu, mai ciwon yana iya taimakon kansa. Ya sami ɗan littafi. Ya rubuta ranar awo, da sunan magani, da ƙwaya nawa yake sha, da abin da yake ji a jikinsa. Ya haɗa shi da takardun awo cikin leda ɗaya. Ko an canza likita, sabon zai ga inda aka fito.

Akwai waɗanda ciwonsu ke ta kai da kawo, magani ya kasa tsayar da shi. Su likita yakan ba su shawarar a cire tiroyid ɗin da aikin tiyata, ko a kashe ta da wani iyod na musamman da ake sha a babban asibiti. Ba a ba mai ciki ko mai shayarwa wannan iyod. Bayan haka yawanci wuta ba ta ƙara yin yawa da kanta. Sai mutum ya riƙa shan lebotiroksin kowace safiya, yana zuwa awo sau ɗaya ko sau biyu a shekara.