Sunanka a Intanet: Abin da Yake Tonawa da Abin da Yake Ɓoyewa

Duk wanda ya karɓi wayar wani matashi a Obi, ko Agwatashi, ko Daddere a Jihar Nasarawa, ya duba jerin abokansa na Facebook ko TikTok, zai yi ta cin karo da sunayen da babu limamin da ya raɗa wa kowa su. Ga Autan Mama, ga 'Yar Lelen Baba, ga Gimbiyar Lafia, ga Sarkin Samari, ga Ummu wane da Abu wance. Wasu sun maƙala lambobi a ƙarshen sunan, wasu sun murɗa rubutun har Amina ta koma Meenah, Zainab ta koma Zee. Yawancinmu abin wasa muka ɗauke shi. Amma sunan nan yana yin aiki biyu masu haɗari a lokaci guda: yana gaya wa baƙo abubuwa da yawa game da kai, kai kuma ba ya gaya maka komai tabbatacce game da baƙon.

Daga ina sunayen suka samo asali?

Ba intanet ce ta koya mana tara sunaye ba. Tun asali Bahaushe yana da sunan yanka, yana da sunan rana, yana da laƙabi, yana da alkunya. Wanda aka haifa ranar Lahadi Ɗanladi ne ko Ladi, na Alhamis Ɗanlami ko Lami, na Juma'a Ɗanjuma ko Jummai. Namijin da ya biyo bayan mata Tanko ne, wanda ya biyo bayan tagwaye Gambo. Abubakar yana amsa Garba, Usman yana amsa Shehu, Khadija tana amsa Dije. Yaron da ya ci sunan kakansa kuwa, uwarsa ba za ta iya kama sunan surukinta ba, sai ya tashi da Abba ko Baffa. Da boko ya zo, aka riƙa liƙa wa ɗalibai sunan garinsu don a bambanta su, shi ya sa muke da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Shehu Shagari.

Mawaƙa da 'yan wasa suka ƙara nasu salon. Adamu Wayya, duniya ta san shi da Ɗan Maraya Jos saboda ya tashi maraya. Aminu Ladan Abubakar ya haɗa haruffan farko na sunayensa uku suka ba da Ala, daga nan aka sami Alan Waƙa. Hadiza Aliyu ta ɗauki sunan ƙasar da aka haife ta, ta zama Hadiza Gabon. Matashin da yau ya kira kansa Ɗan Adudu ko Autan Waƙa, sawun waɗannan yake bi.

Sauran kuma na'ura ce ta tilasta su. Alamar nan ta @ da ake sawa a gaban suna, wani injiniya Ba'amurke, Ray Tomlinson, shi ya fara amfani da ita a adireshin imel a 1971. Ƙa'idar manhajoji irin su Instagram da TikTok da X ita ce mutum biyu ba za su riƙe sunan shiga iri ɗaya ba, X ma ba ya karɓar wanda ya wuce haruffa 15. To Musa Ibrahim nawa ne a Najeriya? Na farko ya ɗauke sunan, sauran dole su ƙara wani abu, abin da ya fi saurin zuwa rai kuwa shi ne shekarar haihuwa, ko sunan gari, ko wani yanki na lambar waya. Waɗanda suka yi zamanin manhajar hira ta 2go, wajen 2011 zuwa 2013, sun san a can ne yayin murɗa rubutu da sunayen ƙarya ya yi ƙarfi, daga baya aka kwaso shi zuwa Facebook.

Bambancin da ya kamata a lura da shi guda ne. A gida, mutanen da suka san ka ne suke sa maka laƙabi, kuma ko da sunaye biyar kake amsawa, mai unguwa ya san gidanku. A intanet mutum shi yake raɗa wa kansa suna, ba rago, ba goro, ba shaidu. Yau Alhaji ne, gobe Hajiya, jibi Kanar ɗin soja.

Abin da sunan yake tonawa

Mu ɗauki misali. A ce wata baiwar Allah ta sa wa shafinta suna Maman Khalil Obi 94. A wurinta ba ta faɗi komai ba, ai ko sunanta na yanka ba ta rubuta ba. A wurin ɗan damfara kuwa ta gama ba shi labari: mace ce, tana da ɗa mai suna Khalil, a Obi take, kuma da alama an haife ta a 1994. Ya leƙa hotunanta, ya ga yaron sanye da kayan makaranta da bajen makarantar a ƙirji. Ya gangara ƙasa, ya ga ranar da ƙawaye suka yi ta taya ta murnar zagayowar ranar haihuwa, ya haɗa rana da wata da shekara. A wani tallan atamfa da ta taɓa sakawa, ga lambar wayarta. Abin da ya rage kira ne: «Maman Khalil ce? Daga makarantarsu nake, ya faɗi ya ji ciwo, muna hanyar asibiti a Lafia, ki turo kuɗin magani yanzu.» Ko kuwa ya ce daga banki yake, ya karanto mata ranar haihuwarta don ta yarda, sannan ya nemi lambar da aka turo mata ta saƙo. Hankalin uwa idan ya tashi, lissafi ba ya zuwa sai bayan kuɗi sun fita.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare: lambar nan ta ƙarshen suna, sau da yawa ita ce lambar sirrin katin cirar kuɗi, ita ce ta buɗe waya. Wanda ya rubuta 1998 a sunansa kuma ya sa 1998 a katinsa, ya kulle ƙofa ne ya bar makulli a jikin kwaɗo.

Masu zaton sunan bogi zai ɓoye su kuwa, su tambayi waɗanda suka fi su iya ɓuya. Ross Ulbricht, Ba'amurken da ya kafa kasuwar miyagun ƙwayoyi ta Silk Road a intanet, ya daɗe yana fakewa da sunan ƙarya. Abin da ya kai shi ƙasa shi ne wani tsohon suna, altoid, da ya yi tallan kasuwar da shi a 2011, daga baya kuma ya yi cigiyar ma'aikaci da wannan sunan tare da adireshin imel mai ɗauke da sunansa na gaskiya. An kama shi a ɗakin karatu a San Francisco a watan Oktoban 2013. Namu na gida, Ramon Abbas, wanda ya yi tashe a Instagram da sunan Hushpuppi, masu bincike na Amurka sun bi lambar waya da imel da ya buɗe shafukansa da su, har hotunan bikin ranar haihuwarsa sun taimaka wajen tabbatar da ko wane ne shi. An kama shi a Dubai a watan Yunin 2020, kotu a Los Angeles ta ɗaure shi shekara 11 da wata 3 a Nuwamban 2022. A nan Najeriya, tun Disamban 2020 gwamnati ta umarci a haɗa kowane layin waya da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, asusun banki kuma yana ɗaure da BVN. Talaka na iya kasa gano mai shafi, amma hukuma idan ta tashi nema, hanya a buɗe take.

Abin da sunan yake ɓoyewa

Jihar Nasarawa tana da nata darasin mai ciwo. Cynthia Osokogu ɗaliba ce mai karatun babban digiri a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, tana kuma da shagon sayar da tufafi a garin. Ta haɗu da wasu samari ta Facebook, aka daɗe ana hira har ta saki jiki da su. A watan Yulin 2012 suka gayyace ta Legas da sunan harkar kasuwanci, suka kai ta wani otal a Festac, suka yi mata fashi suka kashe ta. A watan Maris na 2017 babbar kotun Legas ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. Mai ilimi ce, 'yar babban gida, mahaifinta janar ne na soja mai ritaya. Duk da haka, abin da ta sani game da mutanen bai wuce abin da suka ga dama suka nuna mata a waya ba.

Kada kuma kalmomin Official ko Real da ake liƙawa a suna su ruɗe ka, kowa na iya rubuta su. Ko shuɗiyar alamar tantancewa ba hujja ba ce a kowane lokaci. A Nuwamban 2022, da Twitter, wato X na yanzu, ya fara sayar da ita a kan dala 8, wani ya buɗe shafi da sunan kamfanin magunguna na Eli Lilly, ya sanar cewa allurar masu ciwon suga ta zama kyauta. Dubban mutane suka yaɗa, sai da kamfanin ya fito ya ƙaryata. In an yi wa kamfani irin wannan sojan gona, me zai hana a yi wa sarki, ko malami, ko ɗan majalisa, ko banki? Shafukan da ke ɗauke da sunan babban mutum suna tallan gurbin aiki, ko tallafin noma, ko kujerar Hajji, sannan su ce a turo kuɗin fom zuwa asusun wani mutum daban, wannan damfara ce ƙarara.

Manoma da 'yan kasuwarmu su ma abin ya iso su. Doya da riɗi da agushi da ake lodi daga Agyaragu da kewayen Obi, yanzu wani cinikin a WhatsApp ake ƙulla shi. Wani zai bayyana da suna Alhaji Mai Hatsi, da hoton tirela a shafinsa, ya ce a loda ya turo kuɗi, ya aiko da hoton rasit. Direba ya kama hanya, mai kaya ya je wurin mai POS ya tarar babu ko sisi. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Sunan da ke kan shafi ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne sunan da banki ya nuna a kan lambar asusu, da kuɗin da ka gani da idonka sun shiga naka.

Sunan da ke hura wuta

Ƙaramar hukumar Obi gida ce ga Alago da Migili da Eggon da Gwandara da Tibi da Hausawa da Fulani, Musulmi da Kirista, kasuwa ɗaya ake ci. Waɗanda suka ga rikicin 2013 da ya taɓa Obi da Assakio sun san tsadar zaman lafiya. Ba abin da ya fi sauƙi a yau kamar mutum ya buɗe shafi da sunan wata ƙabila ko wani addini da ba nasa ba, ya zagi wasu, ya koma gefe yana kallon wutar da ya kunna. Kafin ka fusata da zagin da wani «ɗan ƙabila kaza» ya yi, tambayi kanka: wa ya san shi, ɗan wane gida ne? Haka nan masu sa wa kansu sunayen tsokana da na daba don burgewa, su tuna cewa suna linzami ne, kuma mai ɗaukar aiki ko gidan da za ka nemi aure na iya binciko shafinka. Musulunci ya hana jifan juna da munanan laƙabi a aya ta 11 ta Suratul Hujurat. Dokar laifukan intanet ta 2015 kuma, a sashe na 22, ta tanadi ɗauri ko tara mai nauyi ga wanda ya yi sojan gona da sunan wani don ya cuci jama'a, ko mai sunan yana raye ko ya rasu.

Abin da ya kamata a yi

Cire shekarar haihuwa da lambar waya da sunan 'ya'yanka daga sunan shafinka. Kada lambar sirrinka ta yi kama da wani abu da ke rubuce a shafin. Idan kana da shafin kasuwanci, raba shi da na iyali. Kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp da Facebook, kuma lambobi shida da ake turo maka ta saƙo kada ka karanta wa kowa, ko da ya kira ka da sunan da mahaifiyarka kaɗai ke kiran ka da shi. Banki ba ya kira ya tambayi lambar sirri.

Kafin ka yarda da baƙon shafi, duba tarihinsa. Facebook yana nuna ranar da aka buɗe shafukan kamfanoni da na ƙungiyoyi da sunayen da suka taɓa amsawa, Instagram ma yana nuna lokacin da aka buɗe shafi. Shafin da aka buɗe watan jiya, ko wanda ya sauya suna sau uku, a yi hattara da shi. Idan ɗan'uwa ya nemi kuɗi ta saƙo, kira shi ka ji muryarsa. Idan wanda kuka haɗu a intanet ya nemi ku gana, a yi a bainar jama'a, da rana, da rakiya, kuma a gida a san inda aka tafi. In kuma an riga an cuce ka, fara garzayawa bankinka a toshe asusu, sannan ka kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC, kada kunya ta sa ka yi shiru a cuci na bayanka.

Iyaye, ku tambayi 'ya'yanku da wane suna suke yawo a waya. Malamai da limamai da fastoci da shugabannin matasa na Obi da kewaye, ku sa wannan magana cikin wa'azi da tarukanku. Kai kuma mai karatu, yau ɗin nan ka buɗe shafinka ka karanta sunanka da idon ɗan damfara. Duk abin da ka ga zai amfane shi, goge shi.