Harshe Da Labari A Duniyar Da Tolkien Ya Ƙaga

Cikin adabin Turawa akwai wani reshe na ƙagaggun labarai wanda marubucinsa ba ya tsayawa ga ƙago mutane da abin da ya same su. Ya kan ƙago ƙasar da su ke zaune cikinta ɗungum, da duwatsunta da kogunanta, da sarakunanta da tarihinsu, da abin da mutanenta suka gaskata game da farkon halitta, har da harsunan da su ke magana da su. Wanda ya fi kowa suna a wannan fanni shi ne J. R. R. Tolkien, shehun malami a Jami'ar Okisfod ta Ingila, wanda aka haifa cikin 1892, ya rasu cikin 1973. Abin da ya sa aikinsa ya cancanci masu nazarin harshe su dube shi kuwa, shi ne ta harshe ya faro shi. Shi da kansa ya bayyana cikin wata wasiƙa ta 1955 cewa harsunan ne tushe, labarun kuwa an yi su ne don harsunan su sami duniyar da za su zauna.

Kafin a shiga bayani ya kamata a rarrabe irin wannan rubutu da tatsuniya. In Gizo ya yi magana da zaki, ba mai tambaya da wane harshe suka yi ta, ko a zamanin wane sarki, ko tafiyar kwana nawa ce daga gidan Gizo zuwa dajin. Mai tatsuniya ma da bakinsa ya kan rufe da cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Mai ƙago duniya ba shi da wannan mafita. Cikin wata lacca da Tolkien ya yi a Jami'ar St Andrews cikin 1939, wadda aka buga cikin 1947, ya nuna cewa kowa na iya ambaton koriyar rana, amma gina duniyar da mai karatu zai yarda rana koriya ce a cikinta aiki ne mai wuya. Sharaɗin shi ne kowane abu na cikinta ya dace da sauran, kada wata doka ta karye don labari ya sami sauƙi.

Yadda harsunan suka samu

Tun yana yaro a Birmingham sunayen harshen Wales da ya ke gani a jikin taragon kwal su ke ba shi sha'awa. Da ya shiga Okisfod cikin 1911 sai ya tsinci littafin nahawun harshen Finlan a laburaren kwalejinsa, amon harshen ya kama shi ƙwarai. Daga waɗannan biyu ya ɗauko siffar manyan harsunan da ya ƙaga. Na farko, Quenya, ya fara tsara ƙamusunsa cikin 1915. Ya yi shi mai yawan wasula, mai liƙa ɗafi a ƙarshen suna kamar na Finlan, watau -nna don nuna wurin da aka nufa, -llo don wurin da aka fito, -sse don wurin da a ke. Na biyu, wanda daga baya ya zama Sindarin, ya fara ƙamusunsa cikin 1917, ya bi da shi hanyar harshen Wales, inda baƙin farkon kalma kan sauya saboda kalmar da ta gabace ta, jam'i kuma ya kan samu ta sauya wasali, kamar adan, mutum, edain, mutane, ko amon, tudu, emyn, tuddai.

Sana'ar Tolkien ita ce binciken tarihin harsuna. Ya yi aiki a babban ƙamusun Ingilishi na Okisfod daga 1919 zuwa 1920, ya kuma riƙe kujerar koyar da tsohon Ingilishi daga 1925 zuwa 1945. Saboda haka ya san cewa harsuna 'yan'uwa ba su bambanta barkatai, sauyin furuci bisa ƙa'ida ya ke tafiya. Malaman Hausa sun san wannan sarai ta dokar da Bajamushen nan August Klingenheben ya bayyana a ƙarshen shekarun 1920. Inda Basakkwace ya ce zamna, sabka, amre, Bakano ya ce zauna, sauka, aure, domin baƙin leɓe a ƙarshen gaɓa ya koma u a karin gabas. Haka kuma k ɗin da ya ɓace cikin ɓauna da talauci yana nan daram cikin ɓakane da talaka.

Wannan hanya ce Tolkien ya bi, sai dai shi ya juya ta. Masani kan tara kalmomin da a ke faɗi yau ya lalubo tsohuwar siffarsu. Shi kuwa sai ya ƙago tsohon harshen tukuna, da saiwoyin kalmominsa, sa'an nan ya kafa wa kowane reshe dokokin sauyinsa, ya bar kalmomin su fito da kansu. Tsohuwar kalmar itace galada ce. A Quenya g na farko ya faɗi, wasalin tsakiya ya shanye, aka sami alda. A Sindarin wasalin ƙarshe ne ya faɗi, d ya yi laushi, aka sami galadh. Sunan wani babban farin tsuntsun ruwa alkwa ne a tsohon harshe. Quenya ta riƙe kw ta ce alqua, Sindarin ta mai da shi harafin leɓe ta ce alph. Wannan ma aro ne daga gaskiya, gama irin wannan sauyi ne ya raba harshen Wales da na Ailan, inda kalmar kai ta ke pen a wancan, ceann a wannan.

Amfanin wannan wahala ya kan bayyana ne ga sunayen wurare. Mai karatun da bai taɓa duba nahawun Sindarin ba zai lura da cewa mor yana cikin Mordor da Moria, duka biyu kuwa wuraren duhu ne, dor kuma yana cikin Mordor da Gondor, duka biyu ƙasashe ne. A hankali sai kunnensa ya gaya masa Mordor baƙar ƙasa ce, kamar yadda baƙo a ƙasar Hausa ke gane ma'anar birni da dutse da kogi daga yawan jin su cikin sunayen garuruwa. Da haka ya kan ji cewa akwai mutanen da suka raɗa sunayen nan, kuma sun daɗe a wurin.

Bai tsaya ga harsuna biyu ba. Ga gajerun maƙeran nan masu zama cikin duwatsu ya yi harshe mai saiwar baƙi uku irin ta Larabci: daga kh-z-d a ke samun Khazad, sunan mutanen, da Khuzdul, sunan harshensu. Ya kuma ƙago haruffan rubutu, Tengwar, waɗanda a wasu hanyoyin rubuta su a ke ɗora wasali bisa baƙi kamar a ajami.

Yadda harshe ya jawo tarihi

In harsuna biyu sun fito daga uwa ɗaya, lalle masu su sun taɓa zama tare, suka rabu. Me ya raba su, yaushe, wa ya tafi, wa ya zauna? Amsar waɗannan tambayoyi ita ce ƙashin bayan hikayar Tolkien, wadda ya fara rubutawa cikin 1916 da 1917, sa'ad da aka komo da shi asibiti daga yaƙin Somme a Faransa da zazzaɓi. Ya ba da harsunan ga wasu halittu da ya kira Eldar, masu kama da 'yan Adam amma ba su mutuwar tsufa. An kira su zuwa wata ƙasa mai albarka a yamma, ƙetaren teku. Waɗanda suka ƙetare, harshensu ya zama Quenya. Waɗanda suka tsaya a gaɓar wannan ɓangare, nasu ya zama Sindarin.

Daga baya wata ƙabila daga cikin masu ƙetarewa ta komo don ta ƙwato lu'ulu'ai uku, Silmaril, da babban maƙiyi ya sace. A kan hanya suka kashe 'yan'uwansu a tashar jiragen ruwa ta Alqualonde don su ƙwace jiragensu. Da Thingol, sarkin masu Sindarin, ya ji labari, sai ya haramta magana da Quenya a ƙasarsa. Dalilin da ya sa ke nan a zamanin littafin The Lord of the Rings, wanda aka buga cikin 1954 da 1955, Quenya ta zama harshen ilmi da addu'a da naɗin sarauta, Sindarin kuwa na hulɗar yau da kullum. Har sauyin harafi guda sai da Tolkien ya nema masa labari. Cikin wani rubutu na ƙarshen rayuwarsa, wanda aka buga cikin 1996, ya bayyana yadda komawar th zuwa s a Quenya ta zama rigimar gidan sarauta, domin Feanor, maƙerin lu'ulu'an, ya ƙi sabon furucin saboda ya taɓa sunan mahaifiyarsa marigayiya.

Tolkien ya ɗauki wannan haɗi da muhimmanci, har ya ce abin da ya hana Esperanto da sauran harsunan da aka ƙaga don hulɗar duniya rayuwa sosai shi ne ba a ƙago musu hikayoyi ba. Hikayar tasa kuwa ta koma har farkon halitta: Mahalicci ɗaya ne, Eru, wanda ya sa halittunsa na sama su rera waƙa, daga waƙar aka siffanta duniya, ɗaya daga cikinsu, Melkor, ya shigar da nasa amon don girman kai, daga nan ɓarna ta samo asali. Wasu sassan kuma arowa ya yi ya sāke. Labarin Turin, jarumin da ya auri ƙanwarsa bai sani ba, ya samo shi daga na Kullervo cikin Kalevala, waƙoƙin gargajiyar Finlan da Elias Lönnrot ya tattara ya buga cikin 1835.

Sihiri mai iyaka

Dokar da ta riƙe harshe ita ce ta riƙe sihiri. In sihiri na iya kome, ba sauran abin da mai karatu zai ji wa tsoro, gama duk ramin da jarumi ya faɗa za a fid da shi da kalma ɗaya. Zoben da labarin ya ginu a kansa yana da sharuɗɗa bayyanannu. Sauron ya zuba yawancin ƙarfinsa a cikinsa, saboda haka halakar zoben halakarsa ce. Ba abin da ke narka shi sai wutar dutsen da aka ƙera shi a ciki. Duk wanda ya riƙe shi kuwa, kome kyan niyyarsa, sai ya ɓata masa zuciya, shi ya sa masu ƙarfi da hikima suka ƙi karɓarsa, aka ɗora wa mafi ƙanƙanta. Gandalf ma, da ya ke manzo ne daga ƙetaren teku, an hana shi tunkarar ƙarfi da ƙarfi, aikinsa shawara da ƙarfafa zukata. Tafiya ita ma ba a yi mata sihiri ba. Tolkien ya zana taswira, ya riƙa auna nisan da ƙafa za ta iya ci a yini, ya kuma tsara jadawalin kwanaki don kada wani ya ga tsayuwar wata a daren da wani ke ganin wata ya cika.

Abin da hanyar ta ci

Wannan hanya tana da tsada. Da ya ke kowane abu a ɗaure ya ke da wani, in aka taɓa ɗaya sai sauran su motsa. Harshen da a yau a ke kira Sindarin, da fari na ƙabilar da ta komo daga yamma ne, sai wajen 1951 Tolkien ya miƙa shi ga waɗanda suka zauna, ya zama tilas a sāke tarihin duka. Ya mutu bai gama babban littafin hikayar ba. Ɗansa Christopher ne ya tsara shi ya fitar da The Silmarillion cikin 1977, sa'an nan ya buga sauran takardun cikin littattafai 12 daga 1983 zuwa 1996. Harsunan ma bai kammala su ba, kullum cikin gyara ya ke, don haka ba a iya doguwar hira da su sai an yi ƙari.

Abin lura ga malamai

Marubutan Hausa na farko ba su bukaci irin wannan gini ba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, sun kai jarumansu ƙasashen aljannu, amma aljannun nan mai karatu ya riga ya san su tun daga gida da makarantar allo, ba sai an kafa masa dokokinsu ba. Marubucin da ya so ya fita daga wannan gado ya ƙago tasa duniya, shi ne nauyin ya hau kansa. Kuskuren da ya fi saurin kama shi kuwa shi ne tara sunaye masu ban mamaki waɗanda ba abin da ya haɗa su, da sihirin da ba ya cin mai shi kome.

Malamin kwalejin horon malamai kuma na iya cin moriyar hanyar a aji. In aka ba ɗalibai saiwoyi ashirin na ƙage, aka raba su ƙungiya biyu, kowace da dokokin sauyin furuci uku, za su ga da idonsu yadda kare-karen harshe ke samuwa. In sun gama sai a tambaye su abin da ya raba mutanen nan biyu, su rubuta labarin. Daga nan in aka komo da su kan zamna da zauna, za su gane cewa ba ɗayan da ya ke kuskure, kowanne da tarihin da ya kawo shi.